Mai Riga Shi Ke Fara Sawa

Kafin in ce komai, ina so mai karatu ya sani cewa ban riƙe biro da takarda ba a lokacin da waɗannan abubuwa suke faruwa. Shekaru sun ɗan ja, kai kuma ba rumbu ba ne da za ka zuba abu ka dawo ka tarar da shi yadda ka bar shi. Akwai wuraren da nake da tabbas, akwai inda zato nake yi, akwai kuma inda na maimaita labarin har ban san ko abin da ya faru nake tunawa ba ko kuwa yadda na saba faɗarsa. Zan yi ƙoƙari in nuna kowanne a inda ya zo.

Sunana Nazifi, haifaffen Karaye. Sana'ata sa kaya: tela ya ɗinka, ni in sa, a ɗauki hoto, masu saye su gani a waya su zo. 'Yan birni suna da sunan da suke kiran mai wannan aiki da Turanci, amma a garinmu sunana ɗaya ne, Hanga, wato abin rataye kaya. Wasu su ƙara da "mai digiri", wai don kada a manta wahalar da mahaifina ya sha a kan karatuna. Abin da ya sa na zauna rubutun nan shi ne samarin da suke turo mini saƙo kusan kullum: "Yaya Nazifi, ni ma ina da tsawo, a sa ni a harka." Wani ma cewa ya yi, "Ai tsayuwa ce kawai." Ban ce ya yi ƙarya ba. Amma shi ma mai fatsa a bakin dam, in ka hango shi daga nesa, zama kawai yake yi.

Aikina na farko wani kaftani ne ruwan toka. Na dawo daga bautar ƙasa, na rarraba takarduna duk inda aka ce ana ɗaukar aiki, na koma zaman jira a shagon Malam Hadi tela, abokin mahaifina, saboda yana da janareta kuma ba ya hana cajin waya. A shagon akwai wani mutum-mutumin roba marar kai, wanda ko me aka sa masa sai ya zama kamar buhu. Ran nan wani mai kaya da ke zaune a Kaduna ya ce a nuna masa ɗinkinsa kafin a ba direba. Malam Hadi ya dubi robar, ya dube ni, ya ce, "Kai Nazifi, tashi. Allah bai ba ka wannan tsawon don ka riƙa cinye mini benci ba."

Na sa kaftanin, na tsaya ƙiƙam, hannuwa a manne da cinya, fuska a murtuke kamar hoton katin zaɓe. Aka tura. Ba a jima ba amsa ta dawo: "Ɗinki ya yi kyau. Amma wa ya rasu?"

Malam Hadi ya yi dariya har ya saki almakashi. Daga nan ya ce in sake, in saki kafaɗa, in kalli bakin ƙofa kamar wanda ya hango abokinsa. Wannan ya fi. Ladana a ranar, in ban manta ba, ragowar yadi ne da bai isa wando ba. Har yanzu yana nan, ina goge takalmi da shi.

Mutum biyu ne suka koya mini aikin, kuma babu wanda ya taɓa kiran kansa malamina a cikinsu. Na farko Malam Hadi. Na biyu Rabi'u mai hoto, wanda ke da ɗakin hoto kusa da tasha, mutumin da bai san sassauta magana ba. Ranar da na fara zuwa wurinsa na sha aski, na shafa mai, ina ta juya fuska. Ya sauke kyamara ya ce, "Malam Hanga, ba kai ake sayarwa ba. Da fuska ake nema, da ba kai za a kira ba. Ɗaga haɓar nan, ka rufe wa mutane wuyan riga." Ban ji daɗi ba, amma a iya sanina babu darasin da ya fi wannan a sana'ar. Mai kallo wuya yake so ya gani, da aljihu, da yadda hannu ya sauka, da inda kaftani ya tsaya a ƙwauri. In ya kalli hoto ya ce yaron nan kyakkyawa ne, ka faɗi. In ya ce wane tela ne wannan, ka ci.

Jakata ba ta da wani abin mamaki, amma duk abin da ke cikinta sai da na ji jiki kafin ya shiga. Akwai singileti biyu, saboda gumi. Akwai takalmi baƙi da ruwan ƙasa, waɗanda ba na taka ƙasa da su sai a gaban kyamara. Akwai agogon da ya daina aiki tun ina makaranta, amma hoto bai san haka ba. Akwai fil, da ɗan buroshi, da laima, da farin kwali na mayar da haske, da 'yar tabarma da nake tsayawa a kai in ana canja kaya don kada bakin wando ya sha ƙasa. Abin da babu shi ne turare. Wannan yakan ba samari mamaki. To, kayan ba naka ba ne. In mai kaya ya buɗe ledarsa ya ji ƙamshin wani namiji, ba zai tambayi sunan turaren ba. Haka nan ba na cin goro, ko rake, ko wani abu mai maiƙo sai na tuɓe.

Wani aiki da muka yi a Kurugu da damina shi ya koya mini lokaci. Wani matashin tela ne yake so a ɗauki shuɗiyar shaddarsa a gaban gonar gero, wai kore da shuɗi suna tafiya. Gaskiyarsa ne. Kuskurena shi ne tun daga gida na sa kayan, na hau bayan babur da rana tsaka. Ko da muka isa, bayan rigar ya yi taswira, gaban ya yamutse, bugun ya mutu. Shaddar da ta sha bugu tana da sheƙi da kari, wato layukan ninkin da mai bugu ya bari, kuma da su mai kaya yake gane sabuwa ce. Rabi'u ya zagaya ni ya ce, "Yanzu kam sai dai mu ce tallan wanki muke yi." Sai da aka mayar da ita wurin masu bugu. Tun daga ranar, kaya a leda suke tafiya, a wurin nake sawa, a wurin nake tuɓewa, in kuma bi karin in ninke yadda na same su. Ba ma fita sai da hantsi ko la'asar sakaliya. Na ji wasu suna aiki da rana tsaka, wataƙila suna da dabarar da ban sani ba.

Teloli kuwa kala-kala ne, kuma ba zan kama suna ba. Akwai wanda in ɗinki ya karkace sai ya ce kafaɗarka ce ba daidai ba. Akwai wanda zai ce da hantsi, ka zo ka tarar yanzu yake sa maɓalli. Akwai wanda zai miƙo maka fil ya ce ka kama ta baya. A nan ina da ra'ayi, ko da yake ban ce kowa ya bi ni ba. In rigar ta yi mini yawa ne saboda mai ita ya fi ni jiki, ina kamawa, don ba a yaudari kowa ba. In kuwa wuya ne ya karkace ake so fil ya ɓoye, wannan algus ne, kuma wanda ya saya fuskata zai tuna, ba ta tela ba.

A hankali hotuna suka taru. Rabi'u ya sa na wanke waɗanda suka fi na zuba a albam, sauran kuma a waya. Shi ya zaɓa, ba ni ba, domin duk wanda nake so sai ya ce, "Wannan na budurwa ne, cire." Ya bar kaftani daga gaba, da daga gefe, da wanda nake zaune, da na hula kusa-kusa. Da albam ɗin nan na shiga Rogo Sabon Gari shago-shago, ina gaisuwa ina nunawa. Amma na lura ba hoton kaɗai suke kallo ba. Kafin tela ya ba ka kayan mutane, sai ya kira wani telan ya tambaya: yana zuwa a kan lokaci? Yana dawo da kaya lafiya? Yana kai sirrin ɗinkin wani shagon wani? Albam yana jakarka, suna kuwa yana bakin mutane, kuma kai ba ka wurin lokacin da ake buɗe shi.

Yanzu na zo kan rigar Alhaji Barau, wadda ita ce ainihin abin da nake so samari su ji.

Alhaji Barau babban manomin gyaɗa ne a Jajaye, kuma tun kafin a haife ni Malam Hadi ne yake masa ɗinki. Zai yi wa ɗansa na fari aure, sai ya sa a yi masa babbar riga ta gani ta faɗa: farar shadda, aikin hannu, aska takwas, wadda ta yi watanni a hannun mai aiki. Da ta dawo daga bugu, Malam Hadi ya kasa haƙuri. Ya ce, "Irin wannan ba kullum take fita daga shago ba. Ku je ku ɗauko mini hotonta in ajiye tarihi. Amma a ajiye, sai bayan biki." Na daɗe ina gaya wa kaina cewa wataƙila ban ji ƙarshen maganar ba saboda ƙarar janareta. Gaskiya ita ce na ji.

Muka je bakin dam da la'asar. Ruwa ya kwanta, iska ta ɗan ɗaga gefen rigar, Rabi'u ya danna. Da ya duba bai kushe ba, wanda a wurinsa shi ne yabo. Ban taɓa yin hoto kamar wannan ba, kuma ina zaton ban sake ba. Na tuɓe, na bi kari na ninke, muka mayar. Ko Malam Hadi da ya duba bai ga alamar an sa ba.

A wannan makon ne wani abokina na jami'a ya haɗa ni da wani babban shagon ɗinki a Kano, masu neman wanda zai riƙa sa musu kaya. Suka ga albam suka ce ba laifi, amma ina babbar riga? Na tura musu hoton. Da a nan na tsaya, da wataƙila da sauƙi. Sai na ce bari in ɗora a shafina na awa ɗaya kawai, in ga abin da mutane za su ce. Na yi lissafi irin na ɗan boko: Alhaji ba ya riƙe babbar waya, Jajaye kuma ƙauye ne, wa zai gani? Na manta cewa Alhaji yana da 'ya'ya, 'ya'yan suna da abokai, kuma hoto ba ya jiran mota.

Ban je ɗaurin auren ba, don haka abin da zan faɗa daga bakin mutum uku na ji shi, kuma sun ɗan saɓa. Abin da suka haɗu a kai shi ne, Alhaji ya fito cikin rigar, jama'a ta cika ƙofar gida, kafin kowa ya buɗe baki ya yi masa addu'ar sabon kaya sai ga Malam Ɗanlami, taubashinsa, wanda tun suna yara ba sa raga wa juna. Ya ɗaga wayar wani yaron gidansu sama ya ce, "A'a, Barau! Ashe har da kai a masu aron kayan Hanga? Jama'a, ku matsa masa, kada a zuba mata miya, mai ita zai zo karɓa da la'asar!"

Wuri ya ɗauki dariya. Wayar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Wasa ne na taubasai, kowa ya sani, amma ga hoto, ga riga, kuma kowa ya ga wanda ya fara sawa. An ce Alhaji ya yi murmushi, ya zauna har aka shafa fatiha, sannan ya shiga gida ya fito cikin tsohuwar rigarsa ta Juma'a. Washegari direba ya sauke leda a shagon Malam Hadi, da saƙon baki: "A mayar wa mai ita."

Samarin yanzu sukan ce, to mene ne a ciki? Rigar ba ta yage ba, ba ta yi datti ba. Haka ne. Amma mutum ya yi noma, ya jira watanni, don ranar nan guda da zai fito a ce wane ya yi shiga. Wannan fitowar ta farko ita ya saya, ba yadin kaɗai ba. Ni kuma na cinye ta a bakin dam.

Malam Hadi bai ɗaga murya ba. Yana kan keke, bai ma dube ni ba, ya ce, "Nazifi, na ce ka sa, ban ce ka kai ta duniya ba. Barau bai taɓa kai yadinsa wani shago ba. Yau na ji ya aika Rogo." Na fara ba da haƙuri, ya ce, "Ni nawa mai sauƙi ne. Ni na ba ka. Je ka gida."

Shekarar ta zama mini shekarar fari. Magana ta zagaya Karaye da Rogo, har mai kaya yakan miƙa yadi ya ce, "Don Allah kada Hanga ya riga ni." Telolin da suke kirana suka koma "ka ɗan huta tukuna". Azumi ya zo, lokacin da a da ko zama ba na samu, wayata ta yi tsit kamar an kashe ta. Sallah ƙarama ta wuce, babba ta wuce. Na koma bin mahaifina gona, da yamma ina koyar da darasi a wata 'yar makaranta. A majalisa kuma aka sami abin yi: "Hanga, yau rigar wa ka sa?" Ina cewa tawa ce, su ce a kawo shaida.

Ana cikin haka mutanen Kano suka kira. Sun amince da ni, suna so su fara gabatar da ni a shafinsu da wannan hoton na bakin dam. Na yi kwana biyu ina juya maganar. Ita ce ƙofar da nake nema tun farko, kuma a lokacin ba ni da wata. Amma in hoton ya sake fita, a babban shafi kuma, to na sake tuɓe wa Alhaji riga a gaban jama'a, kuma Malam Hadi ya rasa shi har abada. Na ce musu hoton ba nawa ba ne da zan bayar. Suka ce ba damuwa, za su neme ni. Ban ga laifinsu ba, su ma kasuwa suke yi. Ba su neme ni ba.

Bayan an cire gyaɗa na gaya wa Malam Hadi zan je Jajaye. Ya ce shi ba zai iya haɗa ido da Barau ba, amma ya sa aka sake buga rigar ya ba ni. Innata ta ce, "Ba a zuwa ban haƙuri da ado. Sa wannan koɗaɗɗiyar." Ta ƙulla mini goro. Rabi'u ya ce zai kai ni a babur, wai yana so ya ga yadda ake dukan mai digiri. Kyamararsa kuwa ko masallaci da ita yake zuwa a wuya.

Muka tarar da Alhaji a ƙofar gida a ƙarƙashin darbejiya, ana auna gyaɗa, dattawa huɗu ko biyar a kan tabarma. Aka nuna mini wani siriri mai farin gemu aka ce shi ne Malam Ɗanlami. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa.

"Salamu alaikum. Baba, barka da hutawa."

"Wa alaikumus salam. Barka kadai. Daga ina?"

"Daga Karaye, Baba. Mun same ku lafiya? Ya iyali? Ya aka ji da aikin kaka?"

"Lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya mutanen Karaye? Ɗan wa ne?"

Kafin in amsa Malam Ɗanlami ya tafa hannu. "Barau, tashi ka gaida mai gidanka! Mai riga ne ya zo!"

Alhaji ya dube ni tun daga sama har ƙasa. "Kai ne mai rigar?"

Na ce, "A'a, Baba. Ni ne wanda ya sa ba da izini ba. Malam Hadi ya ce a ajiye hoton, ni na saki. Na zo a gaban mutanen nan in ce rigar taku ce, ku yafe mini." Na tura leda da goro gabansa.

Bai taɓa ledar ba. Ya ce, "Ni har yau ban ga abin da kyau ba, a hannun mutane na hango. Nuna mini." Na miƙa masa waya. Ya nisanta ta da idonsa, ya kalla, ya kalla. Ina jiran faɗa. Sai ya ce, "Wa ya koya maka saɓa riga?"

Na ce, "Babu kowa, Baba. A hotuna nake gani."

"Ai ga shi nan. Wannan ba saɓawa ba ce, shanya ce. Ka jefa ta a kafaɗa kamar mai tsallaka rafi. Dubi nan, ka rufe rabin aska. Mutum ya yi wata da watanni yana huda yatsunsa, kai ka zo ka binne aikin. Kuma a haka duniya ta gani?"

Malam Ɗanlami ya ce, "Kai ma ai ba ka fi shi ba."

"Ni? Ɗanlami, ni?" Alhaji ya miƙe. "Miƙo ledar nan."

Ban shirya wannan ba, kuma ba na so a ce dabarata ce. Haushin shanyata ne da bakin taubashinsa suka yi aikin. Ya warware rigar, ya zura ta a kan 'yar sharar da ke jikinsa. Ya sunkuya kaɗan ya tattaro gefen dama tun daga ƙasa, ya ninka shi sau uku da yatsu, ya ɗora a kafaɗa a hankali kamar mai kwantar da jariri. Ya yi wa hagu haka, amma ya ja ninkin baya, aljihu da aska suka fito fili gaba ɗaya. Ya ce, "Ɗorawa ake yi, ba jefawa ba. Kuma ba a tsayawa a cikinta kamar an dasa ka. Babbar riga tafiya take so." Ya taka zuwa bakin buhunan gyaɗa, ya juyo, rigar ta biyo shi. Na ji ƙarar kyamarar Rabi'u.

Ni kuma abin da ya zo bakina shi ne abin da aka hana shi ji ranar biki. Na ce, "Baba, Allah ya sa a kashe lafiya."

Dattawan suka amsa, "Amin, amin. A kashe lafiya, Alhaji."

Ya ɗan tsaya, ya shafa gaban rigar, ya ce, "Amin." Sannan ya juya ga taubashinsa. "Kai ba ka da baki ne?"

Malam Ɗanlami ya ɓare goron da na kawo, ya ce, "To, a kashe lafiya. Ba laifi. Ka fi mai ita iya sawa."

Alhaji ya kai masa duka da hula, kowa ya fashe da dariya, har da shi. Da Rabi'u ya nuna masa hotonsa, ya daɗe yana kallo fiye da yadda ya kalli nawa. Ya ce, "Yaro, inda ka sa wancan, nan za ka sa wannan. Ka rubuta sunan mai ita da manyan baƙi. Ka kuma gaya wa Hadi ina da yadi biyu, ya daina ɓuya kamar wanda ya yi sata." Ya sa aka ɗaura mana gyaɗa a bayan babur. Kafin mu tafi sai da ya sa na saɓa tsohuwar rigarsa sau bakwai ko takwas a gaban jama'a, yana cewa "sake".

Aiki bai dawo rana ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Malam Hadi ne ya fara kirana, sai wani a Rogo Sabon Gari, sai na Kurugu. Daga baya na yi wa wasu shaguna a Kano aiki, kuma abin da suka fi yabawa shi ne yadda nake saɓa riga. In sun tambayi inda na koya, nakan ce a Jajaye, wurin auna gyaɗa, su ɗauka wasa nake yi.

Yanzu duk kayan da aka miƙo mini, tambaya uku nake yi kafin in zura hannu: na wa ne, ya sani, ya riga ya sa? In amsa ɗaya ta yi rauni, nakan ce tela ya ɗinka samfuri nasa na kansa, ko mu jira. Wasu suna cewa na cika tsoro. Mai yiwuwa ne. Wanda ke son shiga sana'ar nan, ban hana shi ba, akwai rufin asiri a cikinta daidai gwargwado. Ya zo da tsawonsa, ya bar turarensa a gida. In ya buɗe albam ɗina zai ga shafin farko ba ni ba ne, wani dattijo ne a gaban buhunan gyaɗa. Hoton bakin dam kuwa na goge shi, ko da yake Rabi'u ya ce in na ƙara faɗar haka zai tona cewa sai da na yi kwana uku ina kallonsa.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Rabi'u ya dage cewa rigar ba fara tas ba ce, ruwan madara ce. Malam Ɗanlami kuma ya aiko mini cewa bai ambaci miya ba, wai fura ya ce. Duk wanda yake wurin ɗaurin auren, ko yake ƙarƙashin darbejiyar nan ranar da na je, in ya ga na ƙara ko na rage, don Allah ya bar saƙo a shagon Malam Hadi, zan gyara kuma zan gode. Abu ɗaya ne kawai ba na neman gyara a kansa, ko daga bakin Malam Ɗanlami: rigar ta Alhaji Barau ce, ni ne na ara.